Yaron nan ya tambaye ni abin da ladan ke faɗa da asuba

Salamu alaikum jama'ar unguwannin Nima da Mamobi na Ankara, babban birnin Gana, da duk wanda rubutun nan ya iske. Nasihar yau da kaina zan fara, don ni aka kama dumu-dumu.

Kun san samarin nan masu farar riga da nektai da ɗan baƙin allon suna a ƙirji, kullum bibbiyu, waɗanda yaranmu ke bi suna ihun obroni obroni, wato Bature, ko da ɗayan baƙi ne wuluk kamar mu, 'yan cocin Mormon ɗin nan. Ranar Talata da aka kwarara ruwa bayan la'asar har gota ta cika ta tumbatsa, biyu daga cikinsu suka fake a bakin shagona, ɗaya Bature daga Amurka ɗaya ɗan Kwango. Na ba su benci, na ce a zubo musu ataya, suka ce sun gode wai addininsu ya hana su shayi da kofi balle giya da taba. To piya wata fa? Suka karɓa suna dariya.

Ruwa ya ƙi tsayawa sai hira. Baturen shekararsa 19, a allon ƙirjinsa an rubuta Elda wato dattijo, alhali gemu ma bai gama fito masa ba. Ya ce shekara 2 zai yi cur kuma ba shi ya zaɓi Gana ba, takarda ce kawai ta zo masa daga hedikwatarsu ta Salt Lake City ya buɗe ya ga sunan ƙasar da bai taɓa tunanin zai taka ba. Albashi babu, hasali ma shi da iyayensa ke biyan kuɗin zaman nasa, sai da ya yi aikin ƙarfi ya tara kafin ya taho. Ba budurwa, ba zuwa kallon bal, ba ya fita ko nan da can sai da abokin tafiyarsa, da safe karatun littafinsu sannan su kama tafiya gida-gida a ranar nan ta Ankara mai dafa ƙwaƙwalwa. Wankinsu da hannu suke yi ranar hutunsu, ranar ce kuma yake kiran mamansa sau ɗaya a sati, wannan ma a 2019 aka sassauta musu, da can sau biyu ne tak a shekara. Maleriya ta kayar da shi, shito, yajin nan namu na Gana, ya sa shi hawaye farkon zuwa, yanzu kam ya ce waakye, wato shinkafa da wake, ko ranar da babu kuɗi sai ya nema. Cocin nasu ma ta sha wuya a ƙasar nan, manya za su tuna gwamnatin Rawlings ta dakatar da ita a 1989 sai ƙarshen 1990 aka ɗage, amma ga shi a 2004 sun buɗe katafaren ginin nan nasu na Independence Avenue da muke wucewa a trotro, motar haya.

Kar wani ya juya min magana a ƙasa, ban ce ku bi su ba, aƙidarsu daban tamu daban, lakum dinukum wa liya din. Na faɗa musu haka ido da ido cikin mutunci, su ma ba su ji haushi ba.

Inda aka kama ni shi ne da Baturen ya ce Malam ina da tambaya, kullum da duhu-duhu muryar nan ta lasifika na tashe ni, na lura ta asuba akwai wata kalma da ake maimaitawa sau biyu wadda babu ita a ta rana, me take nufi? Wlh jikina ya yi sanyi. Na ce assalatu khairun minan naum, sallah ta fi barci. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta, ya ce kai maganar nan ta yi kyau, ashe kenan dukkanku kuna tashi. Na yi shiru ina ta gyaran abin da bai lalace ba a kan tebur, don ni ɗin nan a ranar sai da rana ta fito na yi asubata, na kai ƙarfe 2 na dare a bes, wato majalisar hirarmu, ana musun bal, kuma tsakanin ɗakina da masallaci taku arba'in bai cika ba.

Yaron da ba Musulmi ba ya saurari kiran sallarmu har ya gane bambancin na asuba da na azahar, ni da aka yi wa huɗuba da shi a kunne ranar da aka haife ni na ja bargo.

Kuma fa abin nan na saurayi ya bar gida ya je kira zuwa addini gadonmu ne, ba aro ba. Ku tuna Mus'ab ɗan Umair, Allah ya ƙara masa yarda, ɗan gatan Makka, wanda ya fi kowane saurayi sutura da ƙamshi, uwarsa mai dukiya ta juya masa baya saboda ya musulunta. Shi Annabi (SAW) ya tura Madina tun kafin hijira, saurayi baƙo a garin mutane, ya sauka gidan As'ad ɗan Zurara yana koyar da Alƙur'ani. Usaid ɗan Hudair ya zo masa da mashi a fusace zai kore shi, Mus'ab bai ɗaga murya ba, ya ce masa ka zauna ka ji, in ya yi maka ka karɓa, in bai yi maka ba mu daina. Usaid ya kafe mashin ya zauna, bai tashi ba sai da shahada, bayansa Sa'ad ɗan Mu'azu da dangin Banu Abdil Ash'hal. Wannan ɗan gatan da ya yi shahada a Uhudu mayafin da za a rufe shi bai kai ba, a rufe kai ƙafa ta fito, sai da aka sa ciyawa a ƙafafun. Mu ma nan zango ai haka aka kafa mu, kakanninmu da ƙafa da jaki suka biyo hanyar goro zuwa Salaga da allo a cikin kaya, irin su Alhaji Umaru haifaffen Kano da ya zauna Kete Krachi yana karantarwa har ya rasu a 1934.

Yau saurayin zango zai iya ratsa Agadas ya shiga sahara don Libiya, wannan jarumtar muna da ita ba a magana, amma ka ce ya zo ya riƙe wa malam ajin yara na awa ɗaya ranar Asabar sai ka ji chale ba lokaci. Wa'azin namu kuma duk ya koma Facebook, wancan ɗan bidi'a wancan wahabi, zagi har da iyaye, alhali ayar cewa ta yi ka yi kira zuwa hanyar Ubangijinka da hikima da wa'azi mai kyau. Yaran nan ana rufe musu ƙofa a fuska sau nawa a yini, sai su ce na gode su wuce gaba. Dan Allah iyaye ku kwaɓi yara su daina jifansu da ihu a kansu, baƙi ne, kuma Musuluncin da za su koma gida su ba da labari shi ne wanda suka gani a lungunanmu.

Da ruwa ya ɗauke suka nannaɗe wando suka shiga taɓo, Baturen ya juyo ya ce min sai hankali, ban san wa ya koya masa ba.

Gobe kiran asuba wajen biyar saura ne. 'Yan bes ɗinmu na yafe muku hirar yau, kuma duk wanda ya shiga masallaci bai gan ni a sahu ba ya zo ya buga min ƙofa da ƙarfi, ko da Hajiya za ta yi faɗa.