Kukan mutane dubu ɗaya, VIP dubu biyu

Don Allah a daina turo min, na gani. Na ga sitatus ɗin da aka ɗora da asuba wai "mahassada sun taso". Ni dai ran nan da na soki littafin soyayyar da aka gina a kan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ban kira sunan kowa ba, yau ma ba zan kira ba, sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da na faɗa ne zan maimaita, tunda har yanzu yana yi wa wasu ƙaiƙayi. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba ce. A daren 28 ga Maris 2022 aka tashi bam a layin dogo wajen Katari, aka buɗe wa fasinjoji wuta, aka kashe na kashewa, aka kora sama da mutum 60 cikin daji. A can suka yi azumi, a can suka yi ƙaramar salla da babba. Akwai wadda ta haihu a hannun mutanen nan. Duk mun ga bidiyon da ake zane magidanta da sanduna, mata na kuka. Mutum 23 na ƙarshe sai a watan Oktoba suka ga gida. Suna nan da ransu, suna da waya, sun iya karatu.

Sai ga wata baiwar Allah ta miƙe ƙafa a ɗaki, fanka na kaɗa ta, ta mai da shugaban maharan dogon saurayi mai saje, miskili, wai yana ƙamshin turare a tsakiyar daji. Wai ya faɗa son yarinyar da ya sato, yana gasa mata nama, 'yan gurup na ta "wayyo Allah ya bar ƙauna". Ko ranar ba a canza ba, ko sunan tashar Rigasa ba a sakaya ba. Shafukan kyauta kuma suka ƙare daidai inda aka harbi mahaifin yarinyar. Mai son ci gaba ya tura kuɗi ta wannan asusun. Kukan mutane naira dubu ɗaya, VIP dubu biyu. Kasuwa ta yi kyau, Hajiya, Allah ya ƙara buɗi.

Wai faɗakarwa ce. Wa aka faɗakar? Matar da aka sayar da gidansu don a fanso mijinta, ita za ki faɗakar cewa mai bindigar yana da kyawun murmushi?

Sannan naji an koma bayan fage ana cewa ai ni ma na taɓa rubutu a kan 'yan gudun hijira. Na yi, kuma gobe ma zan yi. Amma ni takawa na yi na je inda suke, na zauna a tabarmarsu, na nemi izini. Wadda ta ce kar a saka nata, ban saka ba, alhali nata ne ya fi kowanne taɓa zuciya. Na canza gari, na canza suna, na canza shekara, har uwar da ta haifi mutum ba za ta gane shi a ciki ba. Kuma ban yanka labarin a kan gawa na ce a turo kuɗi ba. Kar ki kuskura ki haɗa ni da ke, wallahi kar ki fara! Lokacin da nake kai rubutu maɗaba'a ana mayar min da shi da jan biro, ke ko bambancin "ƙ" da "k" ba ki sani ba, har yau ma da sauranki.

Hassada kuma? Ta me? Ta lambar asusun da ke ƙarshen kowane shafi? Riƙe abinki. Na ji ma an ce littafi na biyu na tafe, wai a kan Tudun Biri, inda bam ya faɗa wa masu Mauludi a Disambar 2023. To ki yi da kyau, ki sama wa mai harba bam ɗin saje shi ma. Nawa za a sa wannan karon, ko kukan yara ya fi tsada?