Ni da tsanin mai shayi

Kakata ta sha faɗa mana cewa a zamaninsu, in Maulidi ya ƙarato a cikin birnin Kano, kwalliyar gari duk a ƙasa ake yin ta. A shafe katanga da farar ƙasa, soraye su sha makuba, mata su sabunta daɓe su goge kwanukan jere, da dare a kunna aci-balbal. Ba mai hawa ko'ina sai ranar Takutaha, 19 ga Rabi'ul Awwal, da ake hawa Dutsen Dala. Yanzu kuwa sai an ƙetara lungu da waya, an rataya fitilu masu ƙyaftawa na Sabon Gari, da koren yadi na Kantin Kwari a yanka tutoci. To wa zai hau? Dogon unguwa mana.

Aka yi karo-karo, aka aro tsanin mai shayinmu, na ɗare rufin shagon Alhaji da waya a baki. Ina cikin ɗaure ƙarshenta a jikin ƙusa sai na ji ƙarar jan katako. Na leƙo, ga mai shayi ya saɓa tsaninsa ya yi gaba. "Malam, ina sama fa!" Ko waiwaye bai yi ba, ya ce wai wani ya fi ni buƙata, minti biyar ya dawo.

Na ce bari in zamo ta kan katanga. Bakin kwano ya kama wandona ta baya. Kyaaat! Tun daga ƙugu har bayan gwiwa, kuma ranar 'yar shara ce a jikina, ba ta rufe komai. Ƙafa ɗaya a katanga, ɗaya tana lilo, sai ga 'yan matan Islamiyya sun shawo kwana cikin fararen hijabai, suna gwajin zagaye da mandiri. Waƙa ta mutu a tsakiyar baiti. Mai mandirin ce kaɗai ba ta ankara ba, ta ƙara bugu biyu ita kaɗai. Malamarsu ta ce, "Kowa ya kalli ƙasa!" Ba wadda ta kalli ƙasa. Na fizgo tuta ɗaya na ɗaura kamar zani, sai 'yar yayata, da bakinta kamar reza, ta ce, "Lah, Kawu ya sa tutar unguwa!" Liman da ke wucewa ya tsaya, ya yi mini sannu da aiki har sau biyu.

Shi fa mai shayin nan, kun san halinsa. Mutumin da ke riƙe da canjina tun azumi, kullum sai ya ce "gobe, Yallaɓai". Madara ma sai ya ɗaga gwangwanin sama kamar mai ɗiga maganin ido. Ashe tsanin ba kowa ya kai wa ba, jingine shi ya yi bayan teburinsa, wai kada rana ta busar da shi. Katako! Har na sauko ta kafaɗar wani ɗan sahu yana can yana fifita gawayi.

Fitilun dai sun yi kyau, in ji waɗanda suka gani daren da aka kawo wuta. Jiya kuma ya aiko yaronsa wai kuɗin hayar tsani. Na ce ya cire a canjina, yaron bai dawo ba tukuna.