Komin shayar da dawaki ba tukunyar fure ba ce

A titunan Landan har yau akwai dogayen komaye na dutse, da sunan ƙungiyar da ta kafa su sassaƙe a gefe. Samuel Gurney da Edward Thomas Wakefield ne suka kafa ƙungiyar a 1859 don samar wa talakawa ruwan sha mai tsabta, sai a 1867 aka ƙara shayar da dabbobi a sunanta, saboda dawakan da ke jan karusa da shanun da ake korawa kasuwa. Da mota ta zo, komaye suka bushe. Yanzu garuruwa na gyara su a matsayin abin tunawa, kuma ni dai a ganina yawancin gyaran ɓarna ce aka shafa wa fenti.

Babbar ɓarnar ita ce a cika komi da ƙasa a dasa furanni. Ƙasa tana riƙe danshi dare da rana, ga ramin fitar ruwa an toshe. Idan hunturu ya shigo ruwan ya daskare, sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗe 'yar tsagar da ba a ko gani, shekara ta zagayo tsagar ta zama rami.

Na biyu ƙarfe ne. Magina na da suna haɗa duwatsu da maƙalan ƙarfe, su zuba narkakkiyar dalma ta rufe su. Da dalmar ta tsage, ruwa ya samu hanya, tsatsa ta kumbura fiye da ƙarfen ninki da yawa, ta fasa dutsen daga ciki. Sai an zare tsohon ƙarfen gaba ɗaya a maye shi da wanda ba ya tsatsa, ba a rufe shi da siminti a ce an gama ba.

Siminti kansa ma abin gudu ne a gaɓoɓin da duwatsun suka haɗu. Ya yi tauri da yawa, kuma yana kulle ruwa a ciki. A kwaɓa farar ƙasar gini awo 1 da yashi mai tsakuwa awo 3, a cusa sosai, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na wasu kwanaki don kada ta bushe da gaggawa ta tsattsage. Kada a yi aikin a lokacin sanyi mai ƙanƙara. Wanki kuwa ruwa da burushi mai laushi sun isa. Asid da burushin waya suna cinye haruffan da aka sassaƙa, su kuwa haruffan su ne tarihin.

Sannan a dawo da ruwa: bututu, bawul mai ƙwallo irin na tankin gida a akwatinsa na gefe, da ramin zubarwa don a riƙa wanke gansakuka. Wasu komaye ma suna da ƙaramin kwano a ƙasa don karnuka, a duba shi ma kafin a rufe aiki. A daidaita gindin da ma'aunin ruwa irin na magina, domin komin da ya karkace, ruwa a gefe ɗaya yake taruwa, can kuma tsaga take fara kamawa.