Wasiyyar da kunama ta sa ni yi a Gadarif

Lokacin yankan riɗi ne a Gadarif, gabashin Sudan, zafi ya koro mu daga ɗaki muka kwana a kan angarib, wato gadon katako da igiya, a tsakar gida. Da aka kira assalatu na zura ƙafa cikin markubina, wato takalmin fata, ban kakkaɓe ba, abin da Inna ta shekara 30 tana yi min faɗa a kai. Sai na ji kamar an caka min jan ƙarfe a babban yatsa. Ihun da na kurma ya danne na ladan.

Aka haska tocila, ga kunama nan, siririya ruwan ɗorawa, irin wadda duk Sudan ake shakka. Kafin ka ce kwabo gida ya cika da likitoci. Baffa ya zaro reza zai yi tsaga, wani ya ce a ɗaure ƙafar tamau da rawani, maƙwabciya ta iso da tafarnuwa da fetur.

Zugi ya kai gwiwa, na ce shi ke nan, kwana ya ƙare. Na sa aka matso kusa na fara wasiyya: mai shayi yana bi na, mai kanti yana bi na, kuma kuɗin adashin uwargida da suka ɓace bara, a daina zargin yara, ni ne.

Ina cikin haka ƙanena ma'aikacin jinya ya shigo. "Baffa, don Allah a ajiye rezar nan. Tsaga da tsotsa ba sa fitar da dafi, ɗauri kuma jini yake tarewa." Ya wanke wurin da sabulu, ya naɗe ƙanƙara a tsumma ya ɗora, ya ba ni farasitamol. Ya ce dafin jijiyoyi yake kamawa, amma babba lafiyayye galibi iyakarsa azaba. Yara ƙanana ne abin tsoro, da duk wanda ya fara zufa, dalalar miyau, amai ko numfashi sama-sama. Wannan asibiti a guje, a yi masa allurar karya dafi. "Kai dai Yaya, bakinka ne ya fi ƙafar kumburi." Duk da haka ya kai ni aka sa min ido na 'yan awoyi.

Da la'asar na dawo ina ɗingishi, na tarar da mai shayi a zaure, wai ya zo dubiya. Na lallaɓa ciki. Uwargida ta ajiye min kunu, ta zauna ta gyara mayafi.

"Sannu da jiki, Malam. Nawa ma ka ce ka ɗauka?"