Takardar da ta ci wa Archer Blood kujerarsa

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka kama aikin gwamnati ko kuke fafutukar samu, akwai wata ɗabi'a da nake jin tsoron ta kama mu. Mutum ya ga ɓarna a ofis da idonsa, ya fito ya cika majalisa da ƙorafi, amma in aka ce ya rubuta ya sa hannu sai ya ce shi yaron wani ne, ba ya son abin da zai taɓa abincinsa. Ku saurari labarin wani ma'aikaci da ya ƙi bin wannan hanya.

Archer Blood shi ne ƙaramin jakadan Amurka a Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, a 1971, lokacin ana kiran yankin Gabashin Pakistan. A zaɓen Disamba 1970 jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman ta samu rinjaye, amma shugaban mulkin sojan Pakistan, Janar Yahya Khan, ya ƙi miƙa mulki. Daren 25 ga Maris 1971 sojoji suka far wa birnin. Aka karkashe ɗalibai da malamai a Jami'ar Dhaka, aka ƙona unguwanni, aka riƙa farautar mabiya addinin Hindu musamman. Blood ya yi ta aika wa Washington rahoto, har ya kira abin kisan kiyashi. Shiru kake ji.

Shirun da dalilinsa. Shugaba Nixon da mai ba shi shawara Henry Kissinger suna neman ƙulla hulɗa da Sin a asirce, Yahya Khan kuma shi ne ɗan aikensu. Ta Pakistan ɗin Kissinger ya bi ya sulale zuwa Beijing a Yuli na wannan shekarar. Nixon da hannunsa ya rubuta cewa kada kowa ya matsa wa Yahya a wannan lokaci.

Ranar 6 ga Afrilu ma'aikata 20 na ofishin Dhaka suka sa hannu a wata takarda ta nuna rashin amincewa. Suka ce gwamnatinsu ta kasa yin tir da murƙushe dimokuraɗiyya, ta kasa yin tir da ta'asa, ta nuna abin da mutane da yawa za su kira mutuwar ɗa'a. Wurin nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. Ba Blood ya rubuta ta ba, na ƙasa da shi ne, yawancinsu matasa kamar ku. Da ya so, sai ya aika kawai ya zare hannunsa, ya ce ra'ayin yara ne. Sai ya ƙara nasa bayanin a ƙasa cewa yana tare da su, alhali ya san kan wa za a fi sauke fushin. Ya bi hanyar da ma'aikatarsa ta tanada don irin wannan saɓani, da sunansa a rubuce.

Mu da muka haddace tun muna ƙanana cewa wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, me za mu ce? Mun yi saurin gudu zuwa mataki na uku, ƙi da zuciya, tun ba mu gwada na biyu ba. Kuma kada mu manta, sojojin da suka yi wannan aika-aika Musulmi ne, ɗimbin waɗanda aka kashe ma Musulmi ne. Don haka in ka ga an zalunci wani a wurin aikinka, kada ka tsaya tambayar ɗan wane gari ne ko wace alƙibla yake kallo. Tabbatar da abin da ka gani, rubuta kwanan wata da wuri, ka miƙa ga wanda ya dace ba tare da zagi ko ƙari ba. Wanda kuma Allah ya ɗora a kan wasu, ya daina barin yaransa su kaɗai a rana.

Ba zan ɓoye muku ba, takardar ba ta canza manufar Amurka ba. Kisan ya ci gaba, kusan mutum miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya, sai 16 ga Disamba 1971 yaƙin neman 'yancin kai da ya biyo baya ya ƙare aka samu ƙasar Bangladesh. Shi kuwa Blood an janye shi daga Dhaka tun wa'adinsa bai cika ba, aka ajiye shi a sashen kula da ma'aikata a Washington. Abokan aikinsa sun ba shi lambar yabo ta Herter a kan wannan tsayuwa, amma har ya bar aiki bai taɓa zama cikakken jakada ba. Ya rasu a 2004.