Ranar da na riƙe muciya a gidana

Tun shekaranjiya ake ta cacar baki a majalisarmu a kan aikin namiji da aikin mace, wai shin rabon nan da muka gada yana da sauran amfani ko ya zama tsohon yayi. Ban ce uffan a can ba, domin akwai wani dattijonmu da idan ya ɗauki magana ba ya direwa sai an kira Isha'i. Bari in faɗi tawa a nan, mai zagi ya zage ni a rubuce.

Bara da damina uwargidana ta haihu. Aiki aka yi mata, ta kwana shida a asibiti, ƙanwarta da ke zaune da mu ita ke jinya. Gida ya rage daga ni sai yara uku. Kwana biyun farko maƙwabta suka yi ta aiko da kwano, Allah ya saka musu da alheri. A rana ta uku kunya ta kama ni, na ce yau da kaina zan yi. Na hura gawayi, na ɗora tukunya, ruwa na tafasa na juye garin masara gaba ɗaya na hau tuƙi. Abin da ya fito ba ya da suna. Gudaji ne zalla, bayansa ya dahu, cikinsa ɗanyen gari. 'Yata mai shekara 9 tana tsaye bakin ƙofa tana kallona, can ta ce, “Baba, ai ba ka yi talge ba.” Ta karɓi mara ta kwashe ɓarnar, muka sake ɗora ruwa, ta dama gari da ruwan sanyi ta zuba, ta ce in bari ya dahu tukuna kafin a tuƙa. Ni da na haura 40, ga digiri, ga aji cike da ɗalibai kullum, yarinyar da ban daɗe da daina ɗaura wa takalmi ba ita ke koya mini yadda zan ciyar da kaina.

Muna cikin haka Inna ta yi sallama. Ta gan ni da muciya, gari har gemu. “Subhanallahi! Kai ne a madafa? Matan unguwar nan duk sun mutu ne?” Ban ga laifinta ba. Ita ta raine ni a kan cewa ƙafar ɗa namiji ba ta taka wurin murhu, kuma a zamaninta tsarin ya yi aiki.

To amma ku zo mu zaga garin Daura da daddare. Wa ke soya ƙwai da Indomie a teburin shayi? Namiji. Wa ke gasa tsire da balangu, wa ke shanya kilishi? Namiji. Mai wanki da guga da muke kai wa manyan riguna namiji ne, telan da ke ɗinka wa matanmu atamfa sau da yawa namiji ne. Ba wanda ya taɓa cewa mazantakarsu ta ragu. Ashe girki da wanki ba su ne abin kunyar ba. In da kuɗi a ciki sana'a ce, in a gida ne don matarka ta huta, shi ne ake kiranka mijin-ta-ce.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ba na cikin masu cewa a rushe komai kowa ya yi ta kansa. Rabon nan yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyan miji, ko da matar ta fi shi kuɗi, kuma dukiyarta tata ce, ba ya da ikon taɓa ko sisi sai da yardarta. Ayar da kowa ya haddace a Suratun Nisa'i, aya ta 34, wadda ta ce maza su ne tsayayyu a kan mata, a cikinta aka ambaci abin da suke ciyarwa daga dukiyoyinsu. Mu mun riƙe farkon ayar gam, mun bar sauran ta bi iska. Ranar da aka ce an soke wannan nauyin, malalatan maza ne za su fara shagali. Yanzu ma da dokar take nan, kun san magidantan da ke ajiye naira 500 a kan tabarma su fice tun asuba, sai dare ya raba su dawo suna tambayar me aka dafa. Idan mace ta kai ƙara gaban alƙali, wannan haƙƙin ciyarwar shi ne abin da take riƙewa. Ba zan goyi bayan a ƙwace mata shi da sunan wayewa ba.

Abin da ke damuna shi ne ɓangare ɗaya ya karye, mun yi kamar ba mu gani ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa 1,000. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma duk mai cefane ya san inda wannan ke tsayawa. Zan faɗi abin da maza ba sa son faɗa: a gidana, kwana goman ƙarshen wata, kuɗin awara da zoɓon uwargida ne ke sayen kayan miya. Kuɗin makarantar babban ɗana na zangon da ya wuce, kwasar adashinta ce ta biya. Ban taɓa jin wani a majalisa ya ce wannan al'adar Turawa ce ba. Hannu biyu muke karɓa. Sai an ce ɗauki jariri ta samu ta yi wanka, sannan ake tuna al'ada.

Kuma neman kuɗin mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakata ba ta taɓa zuwa kasuwa ba, tana cikin kulle, amma ƙuli-ƙuli da man gyaɗarta har ƙauyuka ake zuwa sara. Bambancin shi ne ribarta tana tafiya ne a kayan ɗakin 'ya'yanta mata, da gudummawar biki, da 'yan awakinta. Rumbun mijinta ne ke ciyar da gida. Yau ribar mace tukunya take faɗawa kai tsaye, ga shara, ga wanki, ga raino, ga girki sau uku, ba abin da aka rage mata.

Mu mutanen Daura ma ya kamata mu fi kowa sassauta murya a wannan zance. Duk baƙon da ya zo, rijiyar Kusugu muke kai shi, mu ba shi labarin Magajiya Daurama da jerin matan da suka mulki ƙasar nan kafin zuwan Bayajidda, muna alfahari. Mu dawo gida kuma mu ce mace ba ta da shawara ko a kan kuɗin da ita ta nemo.

Sannan a je Katsina a ga matan da suka gudo daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana, waɗanda 'yan bindiga suka kashe wa maza. Mace da yara biyar ko shida a kango, ita ce uwa ita ce uba. Wadda aka koya wa sana'a ko ta yi karatu tana lallaɓawa. Wadda aka ce mata zauna, miji zai yi miki komai, ita ce muke gani a bakin masallaci da ƙoƙo. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin barin 'yata ta yi karatu iya inda ƙwaƙwalwarta ta kai, kamar yadda tuwon gudaji ya ishe ni dalilin tura ɗana madafa.

Wanda zai kawo mini addini, bismillah. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Buhari. Wane ne mu?

Yanzu ranar Asabar ni da babban ɗana ke yin tuwon dare. Da farko ya yi ta ƙunƙuni, wai abokansa za su ji. Makon jiya na aike shi ya kai wa Inna nata a kwanon sha da murfi. Da na leƙa gaishe ta bayan Magariba, na tarar ta cinye tas tana wanke hannu. Ba ta tambayi wanda ya tuƙa ba, ni ma ban faɗa ba. Har na sa takalmi zan fita ta ce, “Ka faɗa wa mai girkin nan, kuka ta yi yawa a miyar, kuma a ƙara daddawa.”