Wai a ƙara kulorin a buɗe

To, ashe dare ɗaya duk mun zama injiniyoyin ruwa. Yaro ya yi gudawa a wurin ninƙaya, 'yan sa-kan da ke kula da wurin suka fitar da kowa suka rufe, tun jiya sai zagi ake sha. Wai lalaci ne, wai an cinye kuɗin tikiti, wai a zuba kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a buɗe mana. Sannunku da ƙoƙari, masana!

Kulorin ba ya maganin wannan. Ƙwayar cutar da ake tsoro a gudawa, wadda ma'aikatan ruwa ke kira kirifto, takan yi kwanaki da ranta a ruwan da kulorinsa ya cika daidai. Tace ta ake yi. Matatar yashin da ke tace ruwan ma ba ta kama ta sai an zuba sinadarin da ke dunƙule ƙananan datti su yi girman da yashi zai riƙe. Ƙa'idar da ake bi a nan Ingila ita ce ruwan gaba ɗaya ya ratsa matatar sau 6, sannan a juya ruwa ta baya a wanke yashin, a zubar da ruwan wankin. In zagaye ɗaya yana cin awa 4, awa 24 ke nan cur. Ihunka a Facebook ba zai ƙara wa inji gudu ba.

"Ai ruwan garau yake." Da ido ake ganin ƙwayar cuta?

"To a zubar a zuba sabo." Madalla. Kwarmi mai tsawon mita 25, faɗin mita 10, zurfin mita ɗaya da rabi, lita 375,000 yake ci. Ƙara masa zafin digiri ɗaya tak na lashe yunit ɗin wuta sama da 430, kuma daga sanyin famfo zuwa digiri 28 tafiya ce mai nisa. Kai za ka biya?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun manta yadda irin waɗannan wurare suka tsira. Wurin ninƙaya na garin Portishead an buɗe shi a 1962, hukumar yankin ta so rufe shi a 2008, mutanen gari suka kafa ƙungiyar amintattu suka karɓe shi a 2009. Wurin ninƙaya na Bramley Baths a birnin Leeds tun 1904 yake, shi ma 'yan unguwa ne suka karɓa daga hannun hukumar birni a 2013. Wallahi waɗanda ke tsaye kan irin wannan aiki sun cancanci addu'a. Kafin ka farka an auna ruwa, kulorin kusan miligiram 1 a kowace lita, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ɗan sama da 7, domin in ya haura kulorin sai ya yi rauni, in ya faɗi ya fara cin ƙarfe da simintin tsakanin tayil. An kwashe curin gashi da filasta daga kwandon da ke gaban inji. An duba agogon da ke jikin matatar ko yashi ya toshe. A ɗakin sinadarai kuwa, kulorin ya haɗu da asid bisa kuskure iskar guba ce ke tashi, a kwashi mutum sai asibiti. Waɗannan kake ce wa malalata don sun ƙi barin 'ya'yanka su haɗiyi ruwan gudawa.

Kulorin ba ya maganin kirifto, na sake faɗa. Mai zawo ya zauna gida sai ya yi kwana 2 da warkewa, wanda aka tabbatar kirifto ce mako 2.

Af, ku kuma masu tsallake shawa ku faɗa ruwa da man shafawa jiƙe-jiƙe, warin nan mai sa ido ja da kuke cewa kulorin ya yi yawa, guminku ne da fitsari suka haɗu da shi. Baƙin zoben maiƙon da ke jikin tayil daidai bakin ruwa, da hannu wata baiwar Allah ke goge shi, kuma sabulun shawar kyauta ne.